Ƙafa Ɗaya Na Auna

A tsakiyar shekarun tamanin ni ɗan kasuwar taya ne a bakin babban titin Nima a Accra, ina da rumfa mai ƙofa biyu da suna mai kyau a wajen direbobin tasi da na torotoro, ƙananan bas na haya. Ban yi boko mai nisa ba, da facin tib na fara, har Allah ya sa ƙanena ya samu zama a Jamus yana turo mini tsofaffin tayoyi a kwantenar da muke haɗawa mu huɗu. Abin da na kusa ɓatawa a wannan labari ga shi a ƙidaye: wili huɗu na alminiyam, taya huɗu sababbi fil, wata biyar na jira, aikin shekara shida na wani bawan Allah, da amanar maƙwabtaka ta shekara goma sha takwas. Na rubuto muku ne domin 'yan kasuwa irina, masu ganin sun daɗe a sana'a har ba sa bukatar a gaya musu.

Mutumin fita ne, wato makanike, a Maamobi kusa da mu, ya girme ni, kowa Masta yake ce masa. A tsakar gidansu ya ƙera mota da hannunsa, ƙarama mai kujera biyu, ba rufi, doguwar gaba, ja kamar manja. Inji daga nan, giya daga can, jikin kuma shi ya buga shi da guduma daga falankin ƙarfe. Matarsa mai sayar da waace ce, shinkafa da wake irin ta Accra, mace mai baki, kuma motar ta cinye mata wurin shanya. Kullum na je sai ta ce mini in zo in gaishe da ɗan autan gidan, wanda ya shekara shida bai fara tafiya ba amma ya fi kowa ci. Masta kan yi dariya ya ce ta yi haƙuri, ranar da ɗan auta ya taka ƙasa ita zai fara ɗauka zuwa bakin teku a Labadi, a gaban duk matan da ke mata dariya.

Da aiki ya zo kan ƙafafu sai ya kira ni. Ba ya son wilin ƙarfe na tasi, yana son na alminiyam masu faɗi da gajeriyar taya, irin wanda a lokacin ba ka samu a Accra sai an kawo daga waje. Mun yi yamma guda muna gardama. Ni na ce kada faɗin ya yi yawa, don taya za ta goga jikin mota in ya faɗa ramukan unguwa, shi kuma yana son ta cika ido. Muka tsaya a tsakiya, na sa tsinke na auna sararin da ke tsakanin birki da jikin motar, duk wannan na yi shi daidai. Saura ramukan ƙusa. Yadda muke yi a lokacin, ba ma yarda da lamba a wasiƙa, sai mu shafa baƙin mai a kan ƙusoshin ƙafa, mu danna kwali a kai, mu huda inda ya yi tambari, mu ba matafiyi ya kai wa ƙanena. Na yi na ƙafar gaba. Bayan motar yana jingine da bango, ga buhunan gawayin matarsa a jibge. Masta ya ce mu ture ta mu ɗauki na baya ma, na ce masa Masta, mota ai ƙafa huɗu iri ɗaya gare ta, ƙusa huɗu a gaba ƙusa huɗu a baya, kada ya koya mini taya ni ma ba zan koya masa inji ba. Ya buɗe baki zai yi magana, aka kira sallar magariba, muka tashi. Na manta cewa wannan motar ba kamfani ya yi ta ba. Gabanta na motar Faransa ne, ƙarfen ƙafafun baya kuwa daga wata motar Japan ya ciro shi.

Wata biyar kaya suna hanya. Ranar da na fito da su daga tashar jirgin ruwa ta Tema, Masta ya tafi Kumasi ta'aziyyar yayarsa, zai yi kwana huɗu. Na ce bari in yi masa bazata, ya dawo ya tarar da motarsa a kan ƙafafunta. Na gaba suka zauna kamar don su aka yi motar. Da na ɗaga na baya, ƙusa ɗaya ta shiga, sauran uku suka ƙi. Bambancin bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba, amma ƙarfe ba ya jin lallashi. Na juya, na sake juyawa, gumi ya jiƙa mini riga. Matar Masta tana wanke tukwane tana tambayata ko takalmin ya yi wa yaron kaɗan ne, na ce mata a'a, datti ne a ramin, zan kai a goge.

A nan ne na yi laifin da ya fi na farko. Maimakon in jira mai mota, sai na ɗauki wili biyun na kai wa wani mai injin huda ƙarfe can wata unguwa mai nisa, inda ba wanda ya san ni, na ce ya faɗaɗa mini ramukan su yi tsawo. Mutumin ya ce zai yi tunda kuɗina ne, amma in sani noti ba zai ƙara zama daidai a gurbinsa ba, kuma ya tambaye ni ko motar ta maƙiyina ce. Na yi dariya na ce ya yi aikinsa. Na dawo na ɗaura, na sa wasa masu faɗi, zobban ƙarfen da ke zama ƙarƙashin noti, suka rufe wurin, na ɗaure notocin har sifana ta yi ƙara. Na gaya wa kaina motar ba ta da nauyi, kuma bayan wata biyu zan sa ƙanena ya turo wasu in canja a ɓoye. Gaskiyar ita ce ba na son in tsaya gaban Masta in ce ya yi gaskiya ranar nan.

Da Masta ya dawo ya ga motar, ya zagaya ta sau uku, sannan ya riƙe hannuna ya daɗe bai sake ba. Ranar Lahadi aka sa don tafiya Labadi. Matarsa ta ci ado da leshi da gwaggwaro, unguwa ta fito, ita kuma tana ɗaga wa maƙwabta hannu tana cewa wanda ya yi dariya jiya ya zo ya taɓa yau. Ni na ce zan bi su a baya da a-kori-kurata ko da za a bukaci wani abu. Masta ya ce in dai ina iya kamo shi, bismilla.

Cikin Nima cunkoso ya hana shi gudu, ni kuwa idona na kan ƙafar baya ta hagu. Tun kafin mu fita unguwa na ga ta fara rawa kaɗan, irin rawar da mai taya kaɗai zai gani. Ban tsayar da su ba. Na yi ta ce wa kaina ramin titi ne. Na bi su a haka tafiya mai tsawo, ina auna kunyata da rayukan mutum biyu, kuma ina jin nauyin faɗin wannan har yau. Sai da muka wuce shataletale hanya ta buɗe, na ji ya canja giya injin ya ɗaga murya, sannan na danna hon ban ɗaga ba, na taka mai na sha gabansa na tilasta masa sauka gefe. Ya fito ransa a ɓace yana tambaya ko na haukace. Na ce masa ya kawo jak. Da muka taɓa ƙafar, noti biyu da yatsa suka kwance, ƙusa ɗaya ta riga ta tsage. Ya zare wilin, ya sa babban yatsa a ramin da aka faɗaɗa, ya dube ni. Na gaya masa komai a bakin titi, matarsa tana zaune a mota tana ji.

Bai zage ni ba. Abin da ya ce kawai, shi da ya ƙera mota daga bola, ina ganin huda sababbin gurabun ƙusa a ƙafar baya zai gagare shi? Aikin kwana biyu ne da a ce na faɗa masa. Ya ce kuskuren awo kowa na yi, amma na zauna na ga matarsa ta shiga motar na yi shiru. Ita kuwa ta sauko, ta gyara gwaggwaronta, ta ce mini Alhaji, ashe dai takalmin ya yi kaɗan, ta tsayar da torotoro ta koma gida da leshinta. A unguwa Masta ya ce wa mutane ƙusa ce ta ba da matsala, bai taɓa ambaton sunana ba, kuma wannan rufin asirin ya fi mini zafi fiye da a ce ya tara mini jama'a.

Na sa aka turo wasu wili biyu daga aljihuna, wannan karon da kwali huɗu, kowanne da alamar ƙafarsa. Ya karɓa ya ce ya gode, shi ya ɗaura da kansa. Kusan shekara biyu muna gaisawa a masallaci kawai, kuma direbobin da yakan turo mini suka daina zuwa. Daga baya, ranar sunan jikarsa, shi ya aiko a kira ni, muka ci daga kwano ɗaya, ba wanda ya ta da zancen.

'Yan'uwana masu sana'a, abin da aka yi da hannu a auna shi ta kowane gefe, kada a ce an saba. In kuma kuskure ya riga ya faru, a kai shi gaban mai abu tun yana ƙarami, domin sau da yawa gyaran yana hannunsa. Yau na tsufa, 'ya'yana ke riƙe da rumfar, ina zaune lafiya. In na yi lissafi, na yi asarar wili biyu, ciniki mai yawa, da shekara biyu na hirar mutumin kirki. Abin da ya rage mini shi ne mutum biyun nan sun tsufa tare a gidansu, kuma da Masta ya tashi canja tayoyin motar bayan sun cinye, rumfata ya turo ta.