Malam Ladan, Wanda Ya Warware Mana Karin Maganar Turawa

Ina shirin fita aiki yau da safe wayar Hajara ta shigo. Muryarta kawai na ji na nemi wuri na zauna. Babanta, Malam Ladan Kimba, ya rasu bayan sallar Asuba.



Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koya mana Turanci a sakandare a Jega, shekarun nan da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Dogo ne siriri, kullum bakin aljihunsa fari fat da alli.

Ni inda na fi shan wuya shi ne karin maganar Turawa. Kalma-kalma nake bi ina fassarawa, in fito da shirme. Akwai wani da ke maganar madarar da ta zube. Aka ce mu bayyana ma'anarsa, na cika shafi guda ina ba masu tallar nono shawara su riƙa kula da ƙwarya. Wallahi da gaske nake.

Malam bai yi dariya ba, bai kuma karanta wa aji ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Nasiru, Turawan ga awa mu suke. In sunka ce madara, ba madara suka nuhi ba. Tahi gida ka tambayi kakarka mi Bahaushe ka cewa ga mai kukan abin da ya riga ya wuce."

Na tambayi kakata Inna Kulu. Kafin in rufe baki ta jero mini uku.

Haka ya riƙa yi da mu. Ran Juma'a ya rubuta guda a allo, mu bazu cikin gari, wajen mahauta, wajen 'yan tasha, wajen tsofaffi, mu nemo ɗan'uwansa na Hausa. In ba a samu wanda ya dace ba, sai ya ce kada mu tilasta, mu faɗi ma'anar da bakinmu.

Duk da haka, da sakamakon jarrabawar fita ya zo, Turanci ya kayar da ni. Babana ya ce boko ya isa haka, in dawo Aliero mu kama noman albasa.

Malam ya hau babur ɗinsa tun daga Jega, ya iske mu cikin gona.

"Alhaji, ba ni yaron ga shekara guda."

Baba ya ce, "Malam, ya gwada ya hwaɗi. Albasa ba ruwanta da Turanci."

"Hwaɗuwa guda ce. In ya sake, ni da kaina za ni zo in taya ku dashe."

Baba ya dubi hannuwan Malam masu laushi, ya tuntsire da dariya, ya ce ya yarda.

Shekara guda cur, kowace Asabar ina zaurensa, iyalinsa na aiko mana da fura. Na sake zama jarrabawar, na ci. Yau tafinta nake a kotu. In lauya ya jefo karin magana cikin Turanci, manomin da ke tsaye a gabana yana jin ainihin abin da aka ce game da shi. Wannan aikin Malam ne, ba nawa ba.

Ganinmu na ƙarshe bayan Babbar Sallah ne, a gidan Hajara a Maiyama. Idonsa ya yi rauni, amma ina yin sallama ya kira sunana. Na fara ba shi haƙuri kan daɗewar da na yi ban zo ba, ya katse ni.

"Bari wanga zance. Na koyar, kun ɗauka, kun wuce ni. Mi ya rage kuma?"

Ya sa na karanta masa jarida, ya gyara mini lafazi sau biyu. Da zan tafi ya dage sai ya raka ni ƙofar gida da sandarsa.

Ni shaida ne, mutumin kirki ne, kuma ina kyautata zaton ya tarar da alheri.

Ya Allah ka gafarta wa Malam Ladan, ka haskaka kabarinsa, ka sa ilimin da ya bari ya riƙa bin sa da lada. Ka ba Hajara da 'yan'uwanta juriya.

Duk wanda ya karanta wannan, ko bai taɓa ganin Malam ba, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.