Baba Ebenezer, Wa Zai Riƙe Igiyar Jakin?

Ranar Talata, 19 ga Maris, 2024, da hantsi, Allah ya yi wa Baba Ebenezer, dattijon ikilisiyarmu ta Mpape, rasuwa a asibiti a Gwagwalada. Ina bakin aikina na gadi a unguwar Gudu sai matarsa, Mama Christina, ta kira ni. Na zauna a kan benci, kuma Allah ya gafarta mini, jaki ne ya fara faɗo mini a rai.

Baba, ka san ni ba mutumin rubutu ba ne. A aji huɗu na tsaya, shi ma rabinsa a durƙushe na yi shi a ƙofar aji. Amma ka tafi, ga Lahadin Dabino na ƙofa, ka bar ni da abin da ya fi ƙarfin kaina.

Kowace shekara kai kake zuwa wurin Malam Manniru, mai dakon tsakuwa, ka aro jakinsa. Ka shimfiɗa masa farin zane, ba mai hawa, mu zaga unguwa da ganyen dabino muna rera Hosana. Ni ne mai riƙe igiya. Na taɓa tambayar dalilin da ka zaɓe ni, ka ce, "Michael, halinku ɗaya, za ku fahimci juna." Har yau ban gane ko yabo ne ba.

A bakinka na ji ma'anar ranar. Ka ce tun kafin haihuwar Yesu da shekaru aru-aru Annabi Zakariya ya yi wa Urushalima albishir cewa sarkinta zai zo da tawali'u a kan jaki, a kawar da dokin yaƙi, a yi wa al'ummai maganar salama. Ka ce, "Mutane mai takobi suka so. Shi kuwa ya san gicciye na jiransa ranar Juma'a, amma bai zo da runduna ba." Shi ya sa in mun iso masallacin da ke kwanar hanya kake ɗaga hannu, ganguna su yi shiru, ka gaida dattawan da ke zaune, mu wuce.

Bara wani ya jefo dutse daga bayan shago, ya fasa goshin mai ganga. Ba wanda ya ga mai jifan. Matasa suka harzuƙa. Ka cire hularka ka danne wa yaron rauni, ka tsaya a gaban jakin har jikinsu ya yi sanyi. Da yamma liman ya zo gidanka duba yaron.

Bana ma ana azumi, masu jin tafsiri sukan cika har bakin hanya. Matasanmu sun ce ba jaki, motar a-kori-kura za su ɗauko da lasifika, kuma ganga ba za ta yi wa kowa shiru ba. Jagoransu ɗana ne, Elvis. Jiya uwarsa tana shara ta ga gora a ƙarƙashin gadonsa, an naɗe ta da ganyen dabino. Na yi masa magana, ya ce, "Dadi, kai komai wasa ne. Baba ya tafi, wa zai tsaya mana?" Ni da nake sa mutane dariya ko a gidan makoki, sai na juya na fita.

Yau da safe Malam Manniru ya zo gaisuwa gidanka, da azumi a bakinsa, janye da jakin. Ya ce mini, "Oga Michael, rashin namu ne duka. Tsohon nan shi ya raka ni asibiti ranar da matata ta kusa mutuwa a haihuwa. Lahadi zan bi gefen jakina har ku wuce masallaci. Mai jifa ya fara da ni."

Na kira Elvis, na ce gwiwata ta ƙi, bana shi zai riƙe igiya. Ka san ƙarya ce, Baba, gwiwata ta fi ta jakin lafiya. Amma na san dabbar nan: sai da hannu biyu ake iya ta, ba ta bar wa mutum hannun ɗaukar gora. Ya karɓi igiyar yana ɗaure fuska, ya dubi Malam Manniru. Gorar tana nan inda take. Na tafi wurin fasto, ya ce zai tara matasa ranar Asabar.

Ubangiji ya ji ƙanka, Baba, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutu har ranar tashin matattu. Mama Christina, da 'yarku Kindness, da jikoki, da dukan ikilisiya, Allah ya ta'azantar da ku, ya share muku hawaye.

Ranar Lahadi a bakin masallaci ni zan ɗaga hannu a madadinka. Hannun mai barkwanci ne, ba a saba jin maganarsa ba. Allah ya sa ɗana ya gani, gangunan su yi shiru. Amin.