Shafukan da Suka Fito Fari

Ranar da Malam Sabo ya dawo shagon nan da kwafin rubutun fim ɗinsa tana cikin ranakun da ba za su fita daga raina ba. Ku da kuka shigo koyon aiki bana ba ku san shi ba, to ku saurara.

Lokacin ni kaɗai ce ma'aikaciya a nan Kura. Ni ke buga rubutu a kwamfuta, ni ke fotokwafi, Oga kuwa sai yamma yake leƙowa. Dokarsa ita ce wadda kuka sani: abin da aka kawo shi za ki buga, ki gyara harafi in ya karkace, amma ba a tambayi ra'ayinki ba. Saboda ni ya kafa ta, don ya san bakina.

Malam Sabo dattijo ne mai kula da ƙofar ruwa a hanyar Bunkure. Aikinsa ya buɗe wa gonakin wannan ɓangare ruwa ranar rabonsu, ya rufe, ya buɗe wa na gaba. Da rani, ana tsakar ɗiban tumatir, ya kawo mini rubutun fim na barkwanci in buga. Jarumin manomi ne da ya sha ruwan wankin injin feshi bisa kuskure, sai ya sami ikon tashi sama, amma ba ya wuce tsayin masara. Alkyabbarsa buhun taki, hularsa kwandon tumatir. Na buga, na yi masa kwafi, ya raba wa abokan sallarsa da wani malamin makaranta. Ya ce kafin ya kai wa masu shirya fim a Kano, yana son ya ji ko abin yana ba da dariya.

Da ya dawo, ya zube kwafin a teburina ya ce in duba ƙarshe. Ashe tawadar injin ta ƙare ana cikin aiki, shafukan ƙarshe duk sun fito fari fat. Na fara ba shi haƙuri, ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Duk wanda ya bai wa ya dawo masa da shi da "Masha Allah, Allah ya ƙara basira." Malamin ma har cewa ya yi ƙarshen ne ya fi burge shi.

"'Yata, ke dai dole kin karanta, tunda ke kika buga. Faɗa mini gaskiya."

Na ce Oga ya hana. Ya ce Oga ba ya nan. Ni kuma ba a roƙona sau biyu.

Na ce masa farkon yana da kyau, wurin da jarumin ya maƙale a igiyar shanya har na yi dariya ni kaɗai a shago. Amma tsakiyar ta yi tsawo kamar layin motocin tumatir a Kadawa. Mugun dillalin da ke cikin labarin ba ya ba da tsoro, ba ya ba da dariya, yana nan dai kawai. Sannan na kawo babbar matsalar.

"Baba, jaruminka ba shi da kowa. Ba mata, ba aboki, ba mai tsokanarsa. Shafi bayan shafi balbela yake ba wa labari. In ya yi abin dariya, wa zai gani?"

Sai ya ce shi ma a bakin ƙofar ruwa balbelun ne abokan hirarsa. Mutane ba sa zuwa sai in ruwa bai kai gonarsu ba, su yi faɗa su tafi. Bai san yadda ake rubuta aboki ba.

Na cika injin da tawada, na sake fitar masa da shafukan ƙarshen, ya tafi. Na ɗauka ba zai dawo ba.

Sai ga shi bayan an fara girbin shinkafa, da sabon rubutu. Ya yanke tsakiyar. Ya kuma sa wata yarinya mai sayar da awara a bakin magudanar ruwa, mara haƙuri, kullum tana ce wa jarumin tashinsa ko kaza ta fi shi. Ban tambaye shi daga ina ya samo ta ba. Ina bugawa ina dariya, shi yana zaune a bencin can yana kallon fuskata, ba allon kwamfutar ba.

Bai kai Kano ba. Ya yi ritaya, ɗansa ya ɗauke shi zuwa Madobi, ban sake ganinsa ba. Rubutun fim ɗin yana cikin kwamfutar nan, kada wanda ya goge shi. In shago ya yi shiru da rana nakan buɗe.

Dokar Oga tana nan, ku bi ta. Amma ku sani, a garin nan kowa ya iya "Masha Allah", mai karantawa ne babu. Wani lokaci mai buga takarda ita kaɗai ce ta kai shafin ƙarshe. In mai rubutun ya tsaya ya tambaye ki, kada ki ba shi farin shafi.