Damina Uku

Sanƙarau ya kama ƙanena yana ɗan shekara biyar, a bazarar da ta biyo bayan babban fari. Ya tashi, amma ƙafar hagu ta shanye, kuma lokaci-lokaci yakan faɗi yana kumfa. Baba ya ɗora shi bisa jaki daga ƙauyenmu na wajen Waca, ni ina biye da goran ruwa, har gun wani majo mai duba marasa lafiya.

Majon nan ko hannu bai kai jikin yaron ba. Goro yake ci. Ya leƙa idonsa daga nesa, ya ce da Baba, "Malam, irin waɗannan ba su wuce damina uku. Ka je ka yi haƙuri." Ya tofar da tuƙa, ya kira na gaba. Har yau ina tuna jan bakin nan.

Majo dai baƙo ne, ya faɗi tasa ya manta. Mu ne abin ƙyama, mu da muka ɗauko maganar muka kawo gida muka zauna a kanta. Aka daina ɗinka masa rigar salla. Aka ware masa ƙwarya. Gwaggo kuwa, in hadari ya haɗo, sai ta dube shi ta yi ajiyar zuciya. Ni ma na ƙirga damina, ba zan ɓoye ba.

Da sanyi ya shigo wanzami ya zo yi wa tsarar yaron kaciya, Baba ya ce, "A bar shi, kar a wahalar da shi a banza." Baɗi ma haka. Damina uku ta wuce, ta huɗu, ta bakwai. Yaro na nan, yana jan ƙafa, yana tufka igiya da duk ƙauyen ke so. Ba wanda ya ce an yi kuskure. Kunya ta hana a kira wanzami, wai ya yi girma.

Wata rana da hantsi muna gyaran rumbu, ƙanen nawa ya ajiye kabar hannunsa ya ce, "Baba, a kira mini wanzami."

Sannan ya ƙara da cewa:

"Na ji abin da majo ya ce, ai ina wurin. Ban ƙi mutuwar ba. Amma in na tafi haka, masu yi mini wanka dariya za su yi."