Ƙamshin da Ya Riga Ni Zuwa Daji

Na daɗe ina kabu-kabu tsakanin Kasuwar Daji da Kaura Namoda. Na faɗi da babur, na yi jinyar karaya, duk sun wuce har na fara manta su. Amma abin da kwalbar turare guda ta ja mini, wannan kam ko haƙorana sun zube ba zai fita daga raina ba.

Ƙanena da ke aiki a Abuja ne ya kawo mini shi ranar sunan ɗiyata ta uku. Baƙin kwali ne mai rubutu ruwan zinariya, an naɗe shi cikin leda. Ya ce turaren fesawa ne na wani babban kamfani a ƙasar waje, irin wanda manyan ma'aikata ke sawa kullum in za su ofis. Mu nan turarenmu na 'yar kwalba ne, na shafawa, kuma sai Juma'a ko sallah ake taɓa shi. Nan wurin sunan na yage ledar, na fesa wa kaina, na fesa wa liman da ya raɗa suna, har ya ce in sassauta kada in ƙarar tun ran farko. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, mutum ne mai son a gan shi. Na ce in su suna sawa kullum don zuwa ofis, to ni ma babur ne ofishina.

Haka na fara, fesa biyu a wuya, ɗaya a hannu, kamar yadda ƙanen ya nuna mini. Da safe yana da ɗan kaifi irin na ɓawon lemo, in rana ta ɗaga sai ya kwanta ya koma ƙamshin itace. Abin da ya fi burge ni, har la'asar yana jikin rigata, duk da zufa da fetur. Abokan aiki a bakin tasha suka sa ni gaba, wannan ya ce ango, wancan ya ce darakta. Ni kuma ina ta wani ɗaga kafaɗa, ban san abin da nake ɗauke da shi a jiki ba.

Kowa ya san halin da yankinmu ke ciki. 'Yan bindiga na tare hanya su kwashi mutane, kuma an yi ittifaƙi ba sa sanin wa zai fita da kuma wa ke da abin hannu sai da ɗan gari mai kai musu labari. Mu masu babur aka fi sa wa ido, don mu ke shiga ko'ina. To akwai wani Alhaji mai sayar da hatsi a unguwarmu, aminin mahaifina ne. An ɗauke shi a hanyar Zurmi, ya yi makonni a hannunsu, Allah ya sa ya dawo da rai. Ko sunan ɗiyata bai samu zuwa ba, yana kwance. Ranar da ya fara fita, ni ya aika a kira in kai shi asibiti Kaura.

Mun ɗan bar gari kenan na ji ya taɓa kafaɗata.

"Tsaya, ɗana," in ji shi.

Na tsaya. Ya sauka ya zauna a gefen hanya yana haki. Na ce, "Baba, jikin ne?"

Sai ya ce, "Ina ka samu wanga turare?"

Na gaya mishi har da ɗan alfahari. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da bai taɓa yi mini ba tun ina ƙarami. Sannan ya ce, "Ka tahi abinka. Zan jira mota."

Kwana uku kacal, gari ya juya mini baya. Fasinjojin da suka saba nemana sai su wuce ni su hau na baya. In na isa majalisa hira ta mutu, wani ya tuna yana da aiki a gida. Matata ta ce ta gaishe da mata a wurin famfo sun amsa da ƙyar. Ni da zuciya, na ce hassada ce kawai, na ƙara fesa ɗaya a kan ukun. Wauta ta kai wauta, yanzu in na tuna har kunya nake ji.

Abokina na kusa a tasha shi ya ja ni bayan wani shago. Ya ce Alhaji ya gaya wa babban ɗansa cewa can a daji idonsa a ɗaure yake, amma akwai wani mai zuwa a babur duk bayan 'yan kwanaki, mai Hausar 'yan gari, yana lissafa wa 'yan bindigar sunayen mutane. Bai ga fuskarsa ba, ƙamshinsa kawai ya sani, kuma shi ya ji a jikina. Maganar ta riga ta isa kunnen 'yan sa-kai.

"Ka san abin da akan yi wa wanda aka ce shi ke kai labari," in ji shi. "Ba a tambayarsa sau biyu. Ka kama hanyar Abuja tun yau."

Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na iso gida na zari kwalbar na nufi masai zan jefa. Matata ta sha gabana ta riƙe mini hannu.

"In ka jefar, da mi za ka nuna? In kuma ka gudu, ai ka amsa laifin kenan. Ɗauki abinka ka kai wa mai unguwa da ƙafarka."

Bayan la'asar zauren mai unguwa ya cika, samari na tsaye a waje kowa da abin da ya riƙo. Na ajiye kwali da kwalba na fara rantse-rantse da ƙarfi, sai da mai unguwa ya ce in zauna in yi shiru. Aka tambayi Alhaji. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ce shi na ba. Ban ga kowa ba. Hancina dai ya ji abin da ya ji."

Liman ya gyara zama. Ya tambayi ranar da Alhaji ya dawo, aka faɗa. Ya ce, "To ran suna, bayan dawowar Alhaji da kwana tara, a gabana aka yage ledar wanga kwali. Kuma ni aka fesa wa na biyu. In ƙamshi na shaida, ku hwara da ni."

Wani daga bakin ƙofa ya ce ai ƙila ina da wata kwalbar tun da can. Sai abokina ya miƙe ya ce, "Shekara nawa muna zama benci guda da shi. Kafin ran sunan nan, in ban da zufa da fetur babu abin da ke tashi jikinsa. Ku tambayi duk wanda ya taɓa hawa bayansa." Wasu suka yi dariya, samarin waje suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Warin da nake ƙoƙarin rufewa shi ya tsaya mini a ranar.

Na mayar wa ƙanena turarensa. Alhaji ya zo har gida ya ba ni haƙuri, amma har ya koma ga Allah bai sake hawa babur ɗina ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Bayan wata biyar na kai fasinja kasuwar Shinkafi. Ina tsaye wani mutum ya gifta ni a babur, ƙamshin nan sak ya daki hancina. Gabana ya faɗi. Na bi shi da ido, na duba takalminsa, na duba agogonsa, nan take na ga alamun rashin gaskiya a duk jikinsa. Na taɓo wani ɗan garinmu da ke kusa, har na ce, "Ka ga wancan mutumin?" Ya ce, "Mi ya yi?"

Sai na tuna da samarin nan na ƙofar zaure. Mutumin bai yi komai ba, turare ya sa, kuma ba lalle a garinsu akwai limamin da ya ga an yage tasa ledar ba. Na ce, "Ba komai, na zaci na san shi ne."

A nan na gane cewa waɗanda suka zarge ni ba mugaye ba ne, tsoro ne ya cika su, irin wanda ya cika ni a kasuwar. Tun daga ranar, in zuciyata ta raya mini wani abu a kan mutum, ba na barin ya fito bakina sai idona ya gani, domin na san ɗan abin da ya rage tsakanin raɗa da kabari.