Kwatar Malam Bukar

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Bukar Mai Inji makwancinsa. Cikin damina ya rasu, ranar da aka wuni ana yayyafi, har sai da masu haƙa suka riƙa kwashe ruwa daga ramin da kwano. Ina tsaye a gefe ina cewa a raina, wannan Babarbare dai ruwa ya ƙi rabuwa da shi har ƙarshe. Allah Ya jiƙansa, Ya kyauta makwanci. Duk shekara in lokacin ya zagayo addu'a nake yi masa in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin akwai wani abu nasa guda ɗaya da ya rage a hannuna, kuma an zo har gida an roƙe ni in share shi.

Ga wanda bai san shi ba, Bukar mutumin bakin tafkin Chadi ne. Mahaifinsa mai jirgin ruwa ne, shi kuma ya tashi yana gyaran injin jirgi. Da ruwan ya ja baya sana'ar ta mutu, sai ya tattaro ya zo Kano tun muna da sauran ƙuruciya, ya koma gyaran injin ban-ruwa da janareta. Ya zauna a Dukawuya, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa na koyar har na yi ritaya, kuma Bafulatani ne ni. To, kun san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tun da na san shi ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Bawana" yake ce mini, ni ma haka nake ce masa, kuma har ya koma ga Allah ba mu daidaita a kan wane ne ubangidan ba.

Wata tsohuwar ɗalibata, Malama Rukayya, ita ta jawo mu cikin aikin taswira. Ta zo gaishe ni bayan na ajiye alli, ta tarar da mu biyu a ƙofar gida muna musu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai ta nuna mana a wayarta wata taswira ta intanet wadda kowa ke iya sa hannu a ciki: ka ga hanya ko rafi ko gada da babu, ka zana, duniya ta gani. Ta ce akwai masu zana gaɓar teku, akwai masu sa wuraren da jirage ke tsayawa, kowa da abin da ya sani. Muka duba cikin birni. Tituna na nan, ƙofofi na nan, amma ruwa babu ko ɗigo. Babu kududdufi ko ɗaya, babu magudana, ita kanta Jakara, rafin da ya ratsa birni, wani ɗan zare ne da aka ja da ka. Bukar ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wato garin nan ba a ruwan sama a cikinsa?"

Daga ranar muka samu abin yi. Da hantsi mu fita, shi riƙe da waya, ni ina gaba ina tambayar tsofaffi sunan kowane kududdufi da inda ruwansa ke fita in ya cika. Mun bi lungunan da ban taɓa shiga ba duk da an haife ni a birnin nan. Mun bi ruwan marina daga Ƙofar Mata mun ga inda yake zuwa, mun bi magudanun Ƙofar Nassarawa har takalmana suka ƙare. Mutane suna ganinmu suna dariya, tsofaffi biyu suna leƙen lambatu. Wasu sun ɗauka 'yan duba-gari ne mu, har wata tsohuwa ta taɓa ɓoye tukunyarta. Bukar ba ya gajiya. Ni ne mai ƙorafi, gwiwa, rana, wari, shi kuwa sai ya ce Bafulatani in ba bayan saniya ba bai iya tafiya ba.

A bayan gidajenmu akwai wani kududdufi babba da ake kira na 'Yan Wanki. Shi ne ke shanye ruwan unguwarmu duk damina. Bukar ya sa kafinta ya haɗa masa ɗan kwale-kwale, yana shiga da shi yana janye kainuwa da leda daga bakin mafitar ruwan don kada ta toshe. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya biya shi. Ina jin dai hannunsa ne ke kewar filafilin tuƙa jirgi. Sau ɗaya tak ya yaudare ni na shiga. Muna barin gaɓa na ƙanƙame katako da hannu biyu ina karanto duk addu'ar da na sani, shi kuwa mugun yana ta girgiza jirgin da gangan, yana cewa ai ruwan bai kai wuyan ɗan maraƙi ba. Na yi kwana uku ba na amsa gaisuwarsa.

Ranar da muka zo sa wannan kududdufi a taswira, Rukayya na nan. Bukar ya nuna gindin wata bishiyar giginya inda yake ɗaure jirginsa, ya ce a sa kwata a nan. Na ce wace kwata, yaushe aka fara yanka shanu a bayan gidanmu? Domin ni a Kano na tashi, in an ce kwata, mahauta ke zuwa mini. Rukayya kuma ta fara jan layin lambatu, ita a wurinta kwata ita ce magudanar ƙazanta. Ran Bukar ya ɓaci ba da wasa ba. Ya ce a garinsu kwata ita ce inda jirgi ke tsayawa, inda ake sauke kifi, inda mace ke tsayawa ta hango mijinta yana dawowa. Ya ce, "Kanawa kun ɗauki kalma mai mutunci, rabi kun ba mahauta, rabi kun jefa a lambatu." Muka yi ta dariya, shi bai yi ba. A ƙarshe da hannunsa ya sa alamar, wato hoton anga, ƙarfen nan mai ƙugiya da ake jefawa a ruwa don jirgi ya tsaya.

Ba a daɗe ba wani mai zana tashoshin jiragen ruwa daga wata ƙasa ya aiko da saƙo cikin ladabi, yana tambaya ko kuskure ne, domin bai ga abin da zai kawo matsayar jirgi tsakiyar birnin da ba shi da teku ba. Bukar ya sa na ɗauke shi hoto a cikin kwale-kwalen, ya gyara hula, ya riƙe filafili kamar sarkin ruwa. Muka aika. Mutumin ya ba da haƙuri, ya bar alamar. Wata guda Bukar yana ba da labarin nan a majalisa har sai da aka fara gudunsa.

Ga inda abin yake ci mini rai. A wannan taswira, duk abin da ka danna, za ta nuna maka sunan wanda ya yi masa gyara na ƙarshe. Bukar da zai buɗe nasa shafin bai rubuta Mai Inji ba, sunan da duk Kano ta san shi da shi. Bukar Mai Jirgi ya rubuta. A nan kaɗai yake amsa wannan suna. Da ya rasu, duk ruwan cikin birni sunansa ne a kai, domin shi ke riƙe da waya. Nakan zauna bayan la'asar, lokacin da muka saba zama tare, in yi ta danna kududdufai ɗaya bayan ɗaya don kawai in ga sunan ya fito. Matarsa ta koma Barno wurin danginta, an sayar da gidan, waɗanda suka saya ba su san shi ba. 'Ya'yana duk sun watse neman abinci, sai waya. Wannan dannawa ita ce hirar da ta rage mini, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Amma birni bai tsaya jirana ba. Ana cike kududdufai da shara da ƙasa, ana dasa gini. Duk wanda aka cike rabinsa sai in je in gani, in rage shi a taswira. Duk wanda aka cike gaba ɗaya in share shi. Sai a shekara ta biyu na lura da abin da nake yi: duk gyaran da na yi, sunan Bukar na sauka, nawa na hawa. Da hannuna nake korarsa daga taswirar da ya fi ni wahala a kanta. Na so in daina, amma in na daina ta zama ƙarya, in na ci gaba ina rasa shi kaɗan-kaɗan. Na ci gaba, ina yi ina jin haushin kaina, har ya rage saura wuri ɗaya da ban taɓa ba, kududdufin 'Yan Wanki da angar da ke bakinsa.

Shi ma an cike shi, yau shekara uku. Ina ji ina gani tifofi suka yi ta juye ƙasa, aka sare giginyar, aka jera shaguna. Kwale-kwalen tun kafin nan ya ruɓe, an yi makamashi da shi. Amma a taswira ruwan na nan shuɗi shar, anga na nan, sunan Bukar Mai Jirgi na nan. Na san ƙarya ce. Na yi kunnen uwar shegu da ita shekara uku.

Makon jiya Rukayya ta zo. Yanzu ita ke jagorantar matasan da ke aikin, har ta haifi 'ya'ya uku. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta fito da maganar. Ta ce masu lissafin inda ambaliya za ta fi yin ɓarna suna amfani da taswirarmu, kuma a lissafinsu unguwarmu na da inda ruwa zai tafi, saboda suna ganin kududdufi. Alhali bara ruwa har gwiwa ya shiga ɗakunan mutane, ni ma sai da na ɗora katifa a kan tebur. Ta ce, "Malam, zan iya sharewa da kaina, minti ɗaya ne. Amma ba zan taɓa kayan Baba Bukar ba alhali kana raye." Na ce mata na ji. Ta yi mini sallama ta tafi.

Tun da ta tafi nake tambayar kaina, da Bukar zai leƙo yau, me zai ce? Zai yi faɗa a kan shagunan, wannan ba shakka. Zai tsaya a tsakiyar titi ya ce ruwa ba ya manta gidansa, a taru ana kallonsa. Amma a kan alamar, na san amsarsa, sanin ne ma ya hana ni barci mai daɗi. Akwai lokacin da na matsa masa ya sa kwatar garinsu a taswira, inda mahaifinsa ke ɗaure jirgi. Ya san wurin kamar tafin hannunsa, muna ganinsa a hoton sama, fili ne fetal ana noman wake. Ya daɗe yana kallo, ya share ido da bakin hula, ya ce ba zai sa ba. Ya ce wani zai iya ɗauko jirginsa ya nufo wurin saboda ya yarda da mu. Mutumin da ya hana kwatar ubansa zama a taswira don ruwa ya bar ta, ba zai gode mini don na riƙe tasa ba. Cewa zai yi na mai da shi maƙaryaci bayan ransa.

Jiya bayan la'asar na taka har wurin, domin ƙa'idarmu ce ba a gyara sai an je an gani da ido. Na tsaya daidai inda giginyar take, yanzu ƙofar shagon mai sayar da tayil ne. Mai shagon ya fito ya tambaye ni ko ina son wani abu, na ce a'a, hutawa nake yi. Na fito da waya, na danna angar. Sunan ya fito. Na karanta shi a hankali, na yi masa addu'a, sannan na share. Na share ruwan ma. Wayar ta nemi in rubuta dalilin gyaran, kamar yadda take yi kullum. Na rubuta cewa an cike kududdufin, babu ruwa, babu jirgi.

To me ya rage na Bukar? In zan faɗi gaskiya, ba kaɗan ba ne. Layukan magudanun da matasa ke bi suna yashewa kafin damina, ƙafarsa ce ta fara bin su. Rukayya ta ce sunansa bai ɓace ba, yana can ƙasa a tarihin gyare-gyare, duk mai so zai iya tonowa. Masu A Daidaita Sahu kuma har yau in za su sauke fasinja a bakin shagunan nan, Kwata suke cewa, baƙi suna waige-waige suna neman mahauta. Duk wannan na sani, kuma na gode wa Allah. Amma wa zai tona tarihin gyare-gyare? Ni kaɗai nake buɗewa don in gan shi, ba don in ga hanya ba.

Da na dawo gida na zauna a dakalin ƙofa, na buɗe taswirar cikin birni gaba ɗayanta. Na bi ɗan ruwan da ya rage ina dannawa, daga Dukawuya har Ƙofar Mata, ko Allah zai sa na manta da wani lungu. Ban manta da ko ɗaya ba. Duk inda na danna sunana ne ke fitowa, ni kaɗai, kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa ƙin ganin sunana kamar jiya ba.