Jakin da ya kai Yazan teku

Kullum ƙarfe shida da rabi na safe tarinsa ake fara ji kafin a gan shi. Tari biyu a bakin lungu, ɗaya a gindin benenmu, sannan ya ɗaga kai ta tsakanin wayoyin lantarki da bututan ruwa ya kira: "Ummu Yazan, jaki ya iso." Haka yake kiran kansa. Shekara ashirin da uku Abu Nizar yana wannan aikin a sansaninmu na 'yan gudun hijirar Falasɗinu, Burj, nan gefen Beirut. Yaran da ƙafa ba ta ɗaukarsu yake goyowa daga saman benaye, ya ɗora su a keken guragu, ya tura har bakin sansani inda motar makarantar ƙungiya take jira, don lungunanmu ko makara sai an karkata ta take wucewa. In azahar ta yi ya mayar da kowa inda ya ɗauko shi. Yara bakwai, gida bakwai, ba wanda yake ƙasa da hawa na uku.

Ni a aji shida na tsaya, ku yi haƙuri da rubutuna. Malama Nuhad, shugabar makarantar, ta ce in rubuta yadda nake magana za ta sa a shafinsu na intanet. Ina da labari, in ban faɗa ba cikina zai fashe, amma bari in ɗauko daga tushe.

Yazan ɗana ne na fari. An haife shi kansa lafiya lau, hannunsa lafiya lau, ƙafafun ne suka ƙi. Ɗakinmu yana hawa na huɗu, matakala hamsin da biyu. Da yana ƙarami ni nake saɓa shi, to da aka yi min aiki wajen haihuwar ƙaninsa Tamir likita ya hana ni ɗaukar ko tulun gas. Babansu Firas kuma ya bi jirgin ruwa, yana Jamus yana jiran takardu, bana shekara huɗu. Sai Yazan ya zama ɗan taga. A wurinmu da sunan ɗan fari ake kiran mace, amma da Tamir ya fara gudu a lungu sai na ji mata sun koma ce min Ummu Tamir. Ba wanda ya zauna ya shirya haka, sunan ne kawai ya zame. Ni ma na riƙa amsawa, Allah ya yafe min.

Wata rana Yazan, lokacin yana shekara biyar, yana taga yana jifan masu wucewa da ƙwallon zaitun, ya samu wani mai sanƙo a tsakar ka. Can sai ga mutum yana haki a ƙofarmu, ƙwallon a tafin hannunsa. Surukata Hajja Zarifa ta tare shi.

"Wa ya ce ka hau mana bene, ɗan Tarshiha?"

"Harbina aka yi, Hajja. Na zo ganin maharbin." Ya leƙa ya ga Yazan ya ɓuya a bayan matashi. "Daga hawa na huɗu, bai kuskure ba. Mai hannu irin wannan ai alƙalami ya kamata a ba shi."

"Yaron ba na fita ba ne. So kake a yi ta nuna mu da baki?"

"Hajja, bakin mutanen Burj ko kin ɓoye yaro yana aikinsa. Ba su abin kirki su tauna." Ya juyo wajena. "Ke ce uwarsa? To Ummu Yazan, gobe shida da rabi. A sa masa wando mai kauri."

Rabona da jin wannan suna shekara biyu. Na shiga madafa na yi kamar albasa nake yankawa.

Abu Nizar bai taɓa taka Falasɗinu ba, a nan sansanin aka haife shi. Amma hanyar da mahaifinsa yake bi daga ƙauyensu Tarshiha zuwa bakin teku tana kansa tsaf, sai ya ɗora ta a kan matakalarmu. Ƙofarmu ita ce Tarshiha, bisa dutse. Kwanar hawa na biyu, inda bututu yake ɗiga tun kafin a kawo ni gidan, ita ce Kabri mai idanun ruwa. Kwatamin gindin bene kuma tekun Akka ke nan. In ya goya Yazan da majanyin da matarsa ta ɗinka masa sai ka ji su suna sauka: "Riƙe da kyau, gangare ne. Ka ji ƙamshin ɓaure? Ga ruwan Kabri nan, jaki zai sha." Ya tsaya ya ja numfashi, yaro yana dariya yana dukan kafaɗarsa. A bayansa Yazan ya koyi ƙirga har hamsin da biyu tun kafin ya ga allo. Yau yana karanta min saƙon babansa da kansa, har yana gyara min inda na karanta ba daidai ba.

Ammu Abu Nizar, wato baffa a bakinmu, kai ne ka sa duk lungun nan ya koma kirana da sunana, don kullum sai ka ƙwala shi da safe har ya zauna a bakin kowa, har Hajja. Kai ne, in ji Ummu Lamis, ka goyi 'yarta shekara tara, ga ta yanzu tana ɗinki ana layi a ƙofarta. Kai ne, in ji Abu Hatim mai kanti, shekarar da ruwa ya cika lungu waya ta faɗa ciki, ka bi ta saman rufin gidaje uku da yaro a baya don kada ya rasa jarrabawa. Abu Hatim ya ce maka mahaukaci, ka ce masa jaki bai san hutu ba sai ranar Juma'a. Gada mai tafiya da ƙafarta.

Yanzu ga inda na yi laifi. Farkon sanyin bara sai ya fara wani abu. In sun iso Kabri sai ya kwance Yazan ya ajiye shi a kan matakala ya ce, "Jaki ya yi yaji. Sauran hanya taka ce." Ya nuna masa yadda zai zauna, ya dafa da hannu biyu, ya zame da gindi taki ɗaya, ya jawo ƙafafunsa. Yazan yana kuka, siminti da sanyi da jiƙa, wando yana yagewa, motar makaranta tana ta oda. Sati biyu ina haɗiyewa, ran nan na sauko na same su.

"Ammu, in ka gaji da ɗana ka faɗa min. Ba a tsince shi a bola ba da za ka riƙa jan sa a ƙasa."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba ni nake jan sa ba, 'yata, shi yake tafiya. Ki kawo min wandunansa duka da yamma."

Na wuce makaranta a fusace in kai ƙara. Malama Nuhad ta rufe ƙofa ta zaunar da ni. Ta ce ƙashin bayan Abu Nizar ya lalace, likita ya ce in bai daina ba shi ma keken zai hau. Ya roƙa a bar shi ya ƙara 'yan watanni, kuma kada a faɗa wa iyaye. Ta ce taimakon da bayin Allah suke aikowa daga nesa ya ja baya, da ƙyar yake riƙe malamai da mota, in ya tafi ba a da halin ɗaukar wani. Ta ce, "Duk yaron da bai iya sauka da kansa ba, taga zai koma. Shi ya sani, shi ya sa yake sauri."

Da yamma na kai wandunan, na kasa haɗa ido da shi. Washegari ya dawo da su, kowanne an ɗinke masa fatar tsohuwar kujera a gindi. Hajja ta ɗaga ɗaya ta ce, "Wannan wando ne ko sirdi?" Ya ce, "Sirdi ne, Hajja. Mahayin ya girma, ya sallami jaki."

Wata bakwai suna yi. Daga Kabri zuwa teku, sannan aka ƙara taki biyar, aka ƙara goma. Ranar Alhamis da ta wuce ya yi aikinsa na ƙarshe. Juma'a ɗansa Nizar ya zo ya tafi da shi garin Saida, can suna da ɗaki a ƙasa. Bai yarda an yi taro ba. Ya sha gahawa a tsaye a ƙofarmu kamar yadda ya saba kullum da safe, ya shafa kan Yazan, ya sauka a hankali yana dafa bango.

To ga labarin. Jiya Asabar shida da rabi ta yi, ba tari, ba kira. Na tsaya da jakar Yazan a hannu ban san me zan yi ba. Sai ya ja jiki ya fita ƙofa ya zauna a bakin matakala, ya ce, "Mama, ki riƙe wayar, ki ɗauka wa Baba da Ammu. Kada ki taɓa ni." Ya fara. Ina bin sa a baya. Yana sauka yana faɗa: "Mun bar Tarshiha. Gangare ne." A Kabri ya tsaya, na ce shi ke nan. Ashe ruwan ya tara a tafinsa ya shafa a fuska, ya ce, "Jaki zai sha." Maƙwabta sun buɗe ƙofofi suna kallo. Hamsin, hamsin da ɗaya, hamsin da biyu. Ya dafa keken da kansa, ya ɗaga kai sama ta tsakanin wayoyin nan ya yi tari biyu na ƙarya, ya kira: "Ummu Yazan, na iso teku."

Hajja Zarifa ce ta rangaɗa guɗa daga taga, ita da ta ce yaron ba na fita ba ne. Na tura shi har mota, bai makara ba. Na sayi baƙalawa, alawar da muke rabawa ranar murna, na raba wa lungu duka. Firas ya kira daga Jamus, muka yi ta kallon juna a waya har ta yanke.

Hawa ne har yanzu da saura. Da baya-baya yake yi, yana kaiwa Kabri hannu ya gaji, jiya Abu Hatim ne ya rufe kanti ya ƙarasa da shi. A cikin yara bakwai, huɗu sun iya sauka. Uku ba za su taɓa iyawa ba, hannunsu ba ƙarfi, jiya suna taga. Samarin da kuke zaune a bakin sansani kuna cewa ba aiki, ga aiki nan, shida da rabi, bayanku lafiya lau. Majanyin yana wurin Malama Nuhad. Ku kuma na nesa da kuke aiko da abin da Allah ya hore, kada ku gaji, ga inda yake zuwa.

Ammu, na gode, kuma ka yafe min maganar bola. Allah ya ba ka lafiyar bayan da ka rabar wa 'ya'yan mutane. Yazan ya ji saƙonka da ka ce ya jira ka a Akka, ya ce in gaya maka ran da aka buɗe hanya shi zai shiga gaba, ya san ta duka. Yau ma da safe gahawa finjali biyu na zuba, sai da na kai ƙofa na tuna.